Yadda Za Ka Bambance Tafarkin Bayes da Tafarkin Maimaitawa a Ilimin Ƙididdiga

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki matsala guda ka warware ta sau biyu. A ce ka shuka ƙwayar masara 10 domin gwada ingancin iri, 7 suka tsiro, kana kuma son sanin kashi nawa na buhun zai tsiro idan ka kai shi gona.

Fara da tafarkin maimaitawa, wanda Ronald Fisher ya ƙarfafa tun yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919, Jerzy Neyman da Egon Pearson kuma suka faɗaɗa shi. A wurinsu ingancin irin adadi ne tabbatacce wanda ba ya motsi, abin da ke canzawa shi ne sakamakon gwaji. Saboda haka raba 7 da 10, ka sami kashi 70 cikin ɗari. Daga nan fitar da tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakar ƙasa da ta sama da ake kewaye ƙiyasin da su, wadda a nan take kamawa daga kusan kashi 35 zuwa 93. Ka yi hattara wajen fassara ta, domin a nan ne ɗalibai da dama suke zamewa: ma'anarta ita ce, da za a yi ta maimaita gwajin, aƙalla 95 cikin kowace tazara 100 da aka fitar ta wannan hanya za su ƙunshi adadin gaskiya. Ba ta ce komai ba game da yiwuwar cewa wannan tazarar da ke hannunka ta dace.

Yanzu koma tafarkin Thomas Bayes, malamin cocin nan na Ingila da Richard Price ya wallafa aikinsa a 1763, shekara biyu bayan rasuwarsa. A nan yiwuwa ma'auni ce ta ƙarfin yaƙininka, don haka dole ne ka rubuta zatonka na farko tun kafin ka duba sakamako. Idan ba ka san komai game da irin ba, bi ƙa'idar Laplace, masanin lissafi ɗan Faransa: ƙara 1 a kan waɗanda suka tsiro, ƙara 2 a kan jimilla, 8 cikin 12 ke nan, wato kusan kashi 67. Idan kuwa a makon jiya ka shuka 20 daga buhun nan 18 suka tsiro, ka mai da wannan zatonka na farko, sai lissafin ya zama 25 cikin 30, kusan kashi 83. Tazarar da za ka fitar a nan kana iya cewa kai tsaye akwai yiwuwar kashi 95 adadin gaskiya yana cikinta, amma da sharaɗin zaton farkon ya inganta.

Wannan sharaɗin shi ne abin da nake ganin ya fi cancantar kulawarka. Mai sayar da irin zai iya shigowa da kyakkyawan zato fiye da kima, sakamakon ya karkata zuwa gare shi, musamman da yake ƙwaya 10 ba su da yawan da za su rinjayi zaton. Saboda haka bayyana zatonka a fili, faɗi inda ka samo shi, sannan ka sake lissafin da wani zaton dabam ka ga ko amsar za ta sauya sosai. Idan ta sauya, ƙara yawan ƙwayar gwajin zuwa ɗaruruwa, domin a wannan matakin amsoshin hanyoyin biyu sukan matso kusa da juna.