Kwana ukun farko bayan jini ya zuba a ƙwaƙwalwa: yadda ake rage wa ƙwayoyin gefen gudan jini wahala

Idan jijiya ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, wurin da gudan jinin ya danne ya riga ya lalace. Aikin ma'aikatan jinya yana kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke zagaye da gudan, waɗanda ba su mutu ba amma suna cikin ƙunci.

A sa'o'in farko, sinadarin turombin mai daskarar da jini yana sassauta katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, ruwa ya fara tsiyaya, wurin ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki jajayen ƙwayoyin jini su fashe, sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ya malalo, ya riƙa cin kitsen fatar ƙwaya kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. A cikin ƙwayar kuma, sashen da ke naɗe furotin yakan cushe da furotin da bai naɗu daidai ba. Da farko ƙwayar takan rage ƙera sabo, ta ƙara masu gyara. Idan ƙuncin ya ƙi sauka, wani furotin mai suna CHOP ya tashi, sai ta kashe kanta. Zazzaɓi, hawan sukari da ƙarancin iskar oksijin duk can suke ingiza ta.

Kafin komai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT. Da ido ba a bambance zubar jini da toshewar jijiya, kuma asfirin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa wannan zuba.

Sai hawan jini, domin gudan ya fi ƙaruwa a sa'o'in farko. Idan lambar sama ta awon jini tana tsakanin 150 da 220, a saukar da ita zuwa 140 cikin awa ɗaya da fara magani, a riƙe ta tsakanin 130 da 150. A ba da maganin hawan jini labetalol miligiram 10 zuwa 20 ta jijiya, a hankali, a maimaita idan likita ya ce. Ban da mai asma ko wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa. A riƙa aunawa duk minti 15 da farko. Kada a sa maganin hawan jini nifedifin a ƙarƙashin harshe: jinin yakan faɗi lokaci guda, ƙwayoyin da suke lallaɓawa su rasa ɗan jinin da ke kai musu.

Zafin jiki kada ya haura digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos. A ba da farasitamol, amma a nemi sanadin zazzaɓin: huhu, fitsari, wurin allurar ƙarin ruwa, maleriya. Sukari a riƙe shi tsakanin 6.1 da 7.8 a ma'aunin mmol/L ga wanda ba shi da ciwon sukari, 7.8 zuwa 10 ga mai shi, a kuma kula kada insulin ya kayar da shi ƙasa. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, a ba shi bitamin K miligiram 10 ta jijiya tare da sinadaran daskarar da jini, a dawo da INR, wato awon daskarewar jini, ƙasa da 1.5. Waɗannan huɗun, wato kula da hawan jini, zafin jiki, sukari da daskarewar jini, a haɗe, su aka gwada a binciken INTERACT3 da ya fito a 2023, kan marasa lafiya sama da 7,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya, kuma waɗanda aka yi wa sun fi farfaɗowa bayan wata shida.

Ruwan da aka rataya yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A sa ruwan gishiri mai kashi 0.9. Ruwan gulukos mai kashi 5, da zarar jiki ya cinye sukarin, ya koma ruwa tsagwaronsa, ya shige ƙwayoyin da suka riga suka kumbura. A ɗaga kan gado zuwa digiri 30, wuya a miƙe.

Kada a ba mara lafiyar ko kurɓin ruwa sai an gwada haɗiya. Nan ake yawan samun matsala da 'yan uwa: ana juya baya, an ɗura masa kunu ko rubutu saboda tausayi, ya sarƙe, ya gangara huhu, kwana biyu sai zazzaɓi. A yi musu bayani tun ranar farko, a sa bututun hanci idan haɗiyar ba ta yi ba.

Maganin kumburi deksametason ba ya sauke irin wannan kumburin ƙwaƙwalwa. An gwada shi a Tailan tun 1987, bai rage mutuwa ba, sai ƙarin cututtuka da hawan sukari. Maganin kame ƙarfe, deferoksamin, har yanzu na bincike ne.

Kumburin yana hawa da sauri a awa 72 na farko, yana iya kaiwa mako biyu. Don haka a riƙa duba farkawa da ƙwayar ido duk awa. Idan barci ya yi nauyi, ko amai ya taso, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, a kira likita nan take, a sake hoto, a sanar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa.