Ga mai zuwa Abijan a lokacin wasan ƙwallo

'Yan uwa, in tafiya ta kai ku Abijan ana wani babban wasa, kada ku kulle kanku a ɗakin otal. Ina can ranar 11 ga Fabrairu 2024, da Kwaddibuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka.

Mai gidan da na sauka a unguwar Adjamé ya ce sai dai mu kalla tare a tsakar gidansa. Kafin a take wasa matarsa ta ajiye mini garba, wato acake (turararren garin rogo) da soyayyen kifi, ga albasa da barkono an yanka a kai, ana ci da hannu. In an ba ku, ku ci, ko loma biyu ce. Ƙin karɓa yana yi musu ciwo sosai. Ku riƙe ɗan tsaraba, kilishi ko dabino ya wadatar. Masu sayar da garba a bakin titi kuwa da yawansu 'yan Nijar ne, ku yi musu sallama da Hausa ku ga fara'a.

Da Haller, ɗan wasan Kwaddibuwa, ya zura ƙwallo ta biyu raina ya ɓaci, amma na tashi na yi wa mai gida barka. Rungume ni ya yi yana cewa "yako", wato sannu.

Daren nasara tituna kan cushe, tasi ba ta samuwa. Ku sauka kusa da inda za ku yi kallo, waya kuma ta zauna a aljihun gaba.