Kurakuran sababbin jami'an ɗaukar ma'aikata wajen amfani da ƙirƙirarriyar basira

Na gaji da jin sabon jami'i yana cewa, "Ai na'ura ba ta da son kai." Babban kuskuren ke nan. Manhajar tantance masu neman aiki daga tsofaffin takardun kamfani take koyo, kuma in maza aka saba ɗauka, su za ta ci gaba da fifitawa. Kamfanin Amazon ya ji a jikinsa. A 2014 ya fara gina irin wannan manhaja bisa takardun neman aiki na shekara goma, galibinsu na maza, sai ta riƙa rage maki ga takardar da ta ambaci ƙungiyar mata ko wasu kwalejojin mata zalla. Dole aka jingine ta, kuma kafar dillancin labarai ta Reuters ta fitar da labarin a 2018.

Wasu sai su goge gurbin jinsi su ce shi ke nan. Ina! Sunan makarantar 'yan mata yana nan, giɓin shekara biyu na haihuwa da goyo ma yana nan. Haka manhaja ta taɓa zubar mana da wata gogaggiyar akanta saboda wannan giɓin kaɗai, aka ɗauko wanda ya bar mana lissafi a dagule har ƙarshen shekara, muna kwana a ofis muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Ni dai yanzu ba na sa hannu a kowane jeri sai na buɗe takardun da aka watsar na karanta da idona, na kuma ƙirga mata nawa suka tsallake, maza nawa.

Sai batun horo, wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2025 ya nuna aikin sakatariya, buga takardu da shigar da bayanai su ne kan gaba wajen fuskantar sauyin da ƙirƙirarriyar basira ke kawowa. A ƙasashe masu arziki, kashi 9.6 cikin 100 na ayyukan mata na cikin rukunin da abin zai fi shafa, na maza 3.5. Amma in aka kawo sabuwar manhaja, wa kuke turawa ya koya? Samarin sashen kwamfuta! Haba jama'a. A wurina, wadda aikinta ke shirin sauyawa ita ce ta farko a aji.

Kada ku sa horon bayan tashi daga aiki, mai yara ta riga ta kama hanyar gida. Sanarwar gurbin aiki kuwa, in manhaja ce ta rubuta, ku sake karanta ta, don sau da yawa za ku tarar manaja "shi" ne, sakatariya "ita".