Ga sababbin ma'aikatan gwamnati a Birtaniya: idan aka sallame ka, wa'adin kai ƙara ba ya jiran kowa

'Yan'uwa da kuka iso bana, sannunku da zuwa. Lambar inshorar ƙasa, asusun banki da rajista da likitan unguwa ba zan tsaya a kansu ba, duk wanda ya riga ku da wata biyu zai nuna muku hanya. Maganar da ta zaunar da ni ita ce wadda ba a yi a wurin suna ko walima: ranar da za a miƙa wa mutum takardar sallama daga asibitin hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ko ofishin ƙaramar hukuma, shi kuma ya san a ransa launin fatarsa ne ko addininsa ya jawo.

Mutanenmu ba ragwaye ba ne. Ka shiga asibitocin Manchesta ko Birmingham da tsakar dare, za ka tarar da 'ya'yan Kano da Zariya da Kumasi riƙe da ɗakunan marasa lafiya, ina kuwa alfahari da haka. Amma abin da ke ƙona mini rai, sabon zuwa zai sayi wayar yayi a albashin farko, ka ce ya shiga ƙungiyar ƙwadago irin UNISON ko RCN ta ma'aikatan jinya ya ce sai ya zauna da gindinsa. To ku sani, ƙungiya ba ta cika karɓar rigimar da ta fara kafin mutum ya zama mamba ba. Kuma doka ta ba ka damar shiga zaman ladabtarwa da wakilin ƙungiya ko abokin aiki. Kada ka shiga ɗakin nan kai kaɗai kana "to, ranka ya daɗe" ga duk abin da aka karanto.

Dokar Daidaito ta 2010, wadda ke aiki a Ingila da Wales da Scotland, ta hana nuna bambanci saboda launin fata, ƙasar asali, addini, jinsi, ciki, shekaru ko nakasa. Ba sai ka daɗe a aiki ba, tun ranar farko take kāre ka, kuma diyyarta ba ta da iyaka a doka. Shigar da ƙara a kotun ma'aikata kyauta ne tun 2017, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke kuɗin bayan ƙarar UNISON. Ana cin nasara kuwa. Mary Onuoha, ma'aikaciyar jinya haifaffiyar Najeriya, an matsa mata a asibitin Croydon kan ƙaramar sarƙar gicciye da take sawa har ta bar aikin, kotu ta ba ta gaskiya a farkon 2022.

Inda ake faɗuwa shi ne wa'adi. Wata uku ne, a cire kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru. In aikinka ya ƙare 10 ga Maris, 9 ga Yuni ce ranarka ta ƙarshe. Kafin ta cika dole ka sanar da hukumar sulhu ta ACAS, ita ce za ta ba ka takardar shaida mai lamba, da lambar ake cike ET1, fom ɗin shigar da ƙara a kotun ma'aikata. Lokacin sulhun ACAS yana tsayar da lissafin. Ɗaukaka ƙara a cikin ma'aikata ba ya tsayar da shi ko da minti ɗaya. Sabuwar dokar ƙwadago ta 2025 ta tanadi tsawaita wa'adin zuwa wata shida, amma ni kowa ya zo wurina da wata uku nake yi masa lissafi.

Wata ƙanwarmu, mai taimaka wa ma'aikatan jinya, an sallame ta bayan ta yi ƙorafin ana tara mata aikin dare ana kuma yi mata ba'a da hijabinta. Ta rubuta ɗaukaka ƙara kamar yadda takardar ta ce, aka sa rana, aka ɗage, manajan ya tafi hutu, aka sake ɗagewa. Dattawa suna ta ce mata ta yi haƙuri kada ta ɓata da mutanen, mahakurci mawadaci. Ran da ta kira ni, "Yaya, sun ƙi maido ni," na je gidanta muka baje takardun a teburin kicin, na ɗora yatsa a kan ranar sallamar ina ƙirga watanni a kalandar wayata. Ya wuce. Alƙali yana da ikon karɓar ƙarar wariya da ta makara in ya ga adalci ne, amma alfarma ce, ita kuma ba ta samu ba. Har yau abin yana cina, domin tana da gaskiya.

Ba cewa nake a ƙi ɗaukaka ƙarar cikin gida ba. A yi ta, don in ka ƙi ba dalili kotu na iya rage maka diyya har kashi 25 cikin ɗari. Amma a kira ACAS a makon da aka karɓi takardar, su tafi tare.

Sai hujja. Alƙali ba ya aiki da "kowa ya san ba sa son baƙi". Abin da yake so shi ne wane ya yi irin kuskurenka aka ja masa kunne kawai, kai aka kore ka. Ka ajiye ɗan littafi a gida, duk abin da ya faru ka rubuta rana, lokaci, abin da aka faɗa da wanda ke wurin. Ƙorafin da ka yi da baki ka bi shi da imel. Ana rufe imel ɗin aiki da zarar an sallami mutum, saboda haka takardun da suka shafe ka su kasance a hannunka tun da wuri, amma bayanan marasa lafiya ko kusa kada ka taɓa, wannan kaɗai ya isa a kore ka da hujja. Kana kuma da haƙƙin neman duk bayanan da ma'aikata ta ajiye a kanka, a ƙa'ida cikin wata guda za ta ba ka.

Mai bizar aiki yana da wani wa'adin daban. Ma'aikata za ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, yawanci a rage bizar zuwa kwana 60, ƙararka kuma ba ta dakatar da wannan. Neman sabuwar ma'aikatar da za ta ɗauki nauyin bizarka da bin shari'a lokaci guda ake yin su.

In kotu ta yanke ba ka gamsu ba, ka nemi dalilan hukuncin a rubuce cikin kwana 14. Kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata tana ba da kwana 42 daga ranar da aka aiko su, kuma ba ta sake sauraron shaidu, kuskuren doka kaɗai take dubawa. Wannan matakin kada ka shige shi ba lauya ko wakilin ƙungiya. Wanda ba shi da ko ɗaya ya fara da ofishin Citizens Advice ko cibiyar lauyoyin unguwa, shawararsu kyauta ce.