Darasi na Bakwai: Auna Danshin da ke Cikin Iska

Duk wanda ya taɓa shanya a Kano ya san iska iri-iri ce. A watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe Dala har ba a hango ta daga Goron Dutse, kina shanya zani kafin ki gama wanke-wanke ya bushe ƙayau. Leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Amma a marka, cikin Agusta, zanin nan zai wuni a igiya yana ɗan wari, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Abin da ya bambanta ranakun biyu shi ne yawan ruwan da iska ke ɗauke da shi. Ruwan yana nan a matsayin tururi, ido ba ya ganinsa, amma ana iya auna shi, ana kuma iya lissafa shi. Abin da za mu koya yau ke nan.

Iska tana da iyakar abin da za ta ɗauka

Ku ƙaddara wani akwati, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 1, tsayinsa mita 1, ba komai cikinsa sai iska. A darasin nan za mu riƙa kiransa akwati kawai. Idan zafin gari digiri 20 ne, akwatin ba zai ɗauki tururin da ya wuce giram 17 ba. Idan zafi ya kai digiri 30, zai ɗauki giram 30. A digiri 40, irin ranar bazarar nan ta Afrilu, zai ɗauki wajen giram 51. Ku rubuta waɗannan a littafinku, don su ne ginshiƙin komai. Iska mai zafi cikinta ya fi faɗi.

Idan aka ce a rediyo danshin iska kashi 50 cikin 100 ne, ana nufin ta ɗauki rabin abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Ga yadda ake yi. Zafi digiri 30, akwati na ɗauke da giram 15. Raba 15 da 30, ka ninka da 100, ka sami 50.

To, yanzu dare ya yi, gari ya sanyaya zuwa digiri 20. Ba wanda ya ƙara wa iskar ruwa, giram 15 ɗin nan ne dai. Sai dai yanzu iyakarta 17 ce. Raba 15 da 17, ka ninka da 100: kusan 88. Kun ga danshi ya tashi daga 50 zuwa 88 ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Sanyi ya ƙara kaɗan, iskar ta kasa riƙe shi, sai ta sauke. Wannan ita ce raɓar da kuke gani da asuba a kan gilashin mota da kwanon rufi. Shi ya sa iyayenmu ke kwashe shanyar barkono da kuɓewa kafin magariba. Sun san abin tun kafin a ba shi lamba.

Ga wani lissafi da nake so kowa ya gwada. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, tsayi mita 3: ninka su, akwati 36 ke nan. Kowanne na da giram 15, jimla giram 540. Ya ɗan fi ruwan ledar fiyawata guda, yana rataye a iskar ɗakin da kake kwana.

Ma'auni busasshe da ma'auni jiƙaƙƙe

Ku dubi randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na kwashe shi, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. A hunturu da bazara ruwan randa har haƙori yake kamawa, amma da damina sai a hankali, domin iskar ta riga ta ƙoshi. A kan wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba ya yi tukwanensa biyu, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ita ce kuma hikimar awonmu.

Nemi ma'aunin zafi guda biyu iri ɗaya, irin na rataya a bango mai jan ruwa a ciki. Na asibiti da ake sa wa mara lafiya a hammata ba zai yi ba, zafin jiki kawai yake karantawa. Kafin komai ajiye su gefe da gefe ka tabbata lamba ɗaya suke nunawa. Sai ka sami ɗan tsumman auduga mai tsabta, ko sabon lagwani, ka naɗe gindin ɗaya, ka jiƙa da ruwan da ya kwana a ɗakin. Kada ka sa ruwan firji. Rataye su a inuwa, ka ɗauki mafici ka yi ta yi musu fifita minti biyu ko uku. Kar ka yi ƙyuya a nan, don in iska ba ta kaɗa tsumman ba awon zai yi ƙarya. Za ka ga jan ruwan jiƙaƙƙen yana sauka a hankali, yana sauka, har ya tsaya. Karanta su biyun, ka debe ƙaramin daga babban.

Idan busasshen na kan 30, ga ma'anar tazarar. Babu tazara, danshi 100 ne, iska ta cika maƙil. Tazarar digiri 3, danshi wajen 80. Digiri 5, wajen 67. Digiri 10, wajen 40. Digiri 15 kuwa ƙasa da 20, iskar hunturu ke nan. Masu duba yanayi na hukumar NiMet suna da cikakken jadawali na kowane zafi, kuma yanzu akwai 'yan na'urori masu batir da ke nuna lambar kai tsaye. Duk da haka na fi son ku fara da tsumma da mafici, don wanda ya ga jan ruwan nan yana sauka da idonsa ba zai manta dalili ba.

Ina amfaninsa?

A masana'antu irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai, busarwa babban aiki ne: fata, garin sabulu, taliya, ƙwayar magani. Injiniyan sarrafa sinadarai yana auna iskar da ke shiga injin busarwa da wadda ke fita. A ce akwai ruwa kilo 10 da za a cire daga kaya, wato giram 10,000. Iska na shiga da giram 5 a akwati, tana fita da giram 15, ke nan kowane akwati ya tafi da giram 10. Raba 10,000 da 10, ana bukatar akwati 1,000 na iska. Da wannan zai san girman fankar da zai saya. Su injiniyoyi sun fi lissafi da kilon busasshiyar iska maimakon akwati, domin iska na kumbura in ta ji zafi amma nauyinta ba ya canjawa.

Wanda ya fi damuna shi ne mai ajiye hatsi da gyaɗa, ko ɗan kasuwar Dawanau ne ko uwargida mai buhu biyu a ɗaki. Idan danshin sito ya daɗe sama da kashi 70, fumfuna na samun gindin zama. Wata fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana barin guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, abin da yaranmu za su ci ne. In awonka ya nuna tazarar da ba ta kai digiri 5 ba, ɗaga buhunan a kan katako, janye su daga bango, ka buɗe taga da tsakar rana, ba da asuba ba.

Aikin gida

Zafi digiri 40 ne, akwati na ɗauke da giram 17. Danshi kashi nawa ne? In dare ya yi zafin ya sauka zuwa 20, me zai faru da iskar? Sannan ka auna ɗakinka da tef ɗin tela, ka lissafa akwati nawa ne. Mai ma'auni ya yi awo bayan sallar asuba da bayan azahar har kwana uku, ya zo mana da lambobin ranar Asabar.