Kurakuran da aka fi yi wajen zana hoto da ulu da allura

Hotona na farko bai fi tafin hannu ba: bishiyar kuka ce a gaban rana mai faɗuwa, da balbela biyu a sama. Kafin in gama na karya allura uku, na soki yatsana har jini ya ɗiga a kan gajimare, kukar kuma ta fito kamar malmalar tuwo da aka kafa wa tsinke. Da na zo ɗaga hoton daga kan soson da na yi aikin a kai, sai ya ƙi tasowa. Kusan duk kuskuren da ke nan sai da na tafka shi da hannuna.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ulun da ba a kaɗa ba ake shimfiɗawa a kan ƙyalle, a dinga caka shi da wata allura ta musamman. Ba ta da kafa, ba a zura mata zare. A jikinta, wajen tsini, akwai 'yan tsage-tsage da ke kamo silin ulu su tura shi ƙasa, ya sarƙe da 'yan'uwansa har ya cure, kamar jikin hular dara.

Tun a kasuwa ake fara tuntuɓe. Yawancin zaren da muke kira ulu, wanda ake saƙa hular jarirai da shi, roba ce. Ulun gaske kowane sili nasa yana da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, ido ba ya gani, kuma su ne ke riƙe juna. Roba sumul take, ko an caka ta ta kwanta, anjima za ta sake yin buzu-buzu. Ashana ɗaya ta raba gardama: a ƙona ɗan sili. Ulu zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago, tokarsa ta murmushe a yatsa. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Haka ma ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki, an shafe masa wannan ɓawon, santsi ne da shi.

Kada kuma a wahalar da ragon gida. Uda da Balami da 'Yanƙasa gashi gare su, gajere mai kaushi, ba ya curewa yadda ake so. Tumakin ulu a wannan yanki kaɗan ne, kamar irin na Masina a Mali, da Kundum na bakin kogi wajen Tilaberi a Nijar. Shi ya sa yawanci daga waje ake yo odar ulun. Ulun tumakin Merino, wanda asalinsa daga Sifen ne amma yau Ostireliya ta fi kowa samar da shi, laushi gare shi, yana yin kyau wajen zana sararin sama da ruwa, sai dai yana da jinkirin kamawa kuma yana nuna sawun allura. Corriedale na Niyu Zilan ya fi shi kauri, ya fi saurin kamawa. Da za a tambaye ni, mai koyo ya fara da shi, ko da ulun da aka shaɓa silinsa ya hargitse, ba wanda aka taje ya miƙe sak ba.

Babban kuskuren dai, wanda ya haifi rabin sauran, shi ne cika ulu. Mutum ya ga fili, ya ɗebo dunƙule guda ya ɗora don ya rufe shi lokaci ɗaya. Sauri ya haifi nawa ke nan: saman ya yi tauri, ƙasan yana lagwab, sai an ninka caka kafin ya kwanta, in ya kwanta kuma ya yi tudu. Abin da ya kamata a ɗora shi ne ɗan siririn da in an ɗaga shi ana hango haske ta cikinsa. A kwantar da shi, a ƙara wani a kai. Hawa uku marasa kauri sun fi hawa ɗaya mai kauri ƙarko, kuma ta haka ne launin ƙasa ke leƙowa ta cikin na sama. Jan da ke ɓuya a bayan ruwan goro, shi ke sa faɗuwar rana ta yi kama da ta gaske.

Da hannu ake tsinka ulu, ba da almakashi ba. Yankakken baki ba ya shiga cikin maƙwabcinsa, layi yake bari. In an ja ya ƙi rabuwa, hannuwan ne suka yi kusa, ana riƙe da sili ɗaya ta kai da gindi. A nesanta su, a ja a hankali, zai zare da kansa. Wajen haɗa launi ma haka: a ɗora shuɗi a kan fari, a ja, a sake ɗorawa, a ja, har su gauraye. Amma ni ban cika gaurayawa har ƙarshe ba, don launin da ya zama bai-ɗaya yana mutuwa, ya koma kamar fentin bango.

Sai jeri. Ni da kuka na fara, don ita ce ta fi burge ni, daga baya na dawo ina cusa sama a tsakanin rassanta kamar mai sakace. Abin da ya fi nisa shi ake fara sawa: sama, sai tsaunuka ko bakin daji, sai ƙasa, sai bishiya, tsuntsu a ƙarshe. Kuma a fara da caka sama-sama, iya yadda ulun zai tsaya. A ja da baya a duba. Abin da bai yi ba a wannan matakin ana ɓare shi salin-alin. In ya riga ya cure, sai dai a rufe shi da wani.

Allurar kuwa, masu karya ta su san asalinta. Don injinan masaƙu aka ƙera ta, inda dubbai ke hawa da sauka a miƙe. Sai a shekarun 1980 wasu mata da miji a Amurka, David da Eleanor Stanwood, suka shahara da amfani da ita da hannu. Ƙarfenta mai tauri ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake ƙas. Ta inda ta shiga, ta nan za ta fito. Ana iya shigar da ita a karkace, amma kada a murɗa wuyan hannu tana ciki, kada kuma a yi amfani da tsininta wajen ture ulun da ya riga ya yi tauri. Lambobinta ma suna rikita mutane: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. 36 ta aikin farko ce, 38 ta yau da kullum, 40 da 42 na ido da baki da gyaran fuska. In allura ta fara turjewa, wurin ya cure ne, a koma siririya maimakon a ƙara ƙarfi.

Zurfin caka shi ya manne mini hoto da soso. Tsage-tsagen suna wajen tsini, nutsar da allura har gindi ba abin da yake ƙarawa sai dasa ulu a cikin soson. A caka kaɗan-kaɗan, a riƙa ɗaga aikin bayan 'yan mintuna. Soso in ya tsufa yana marmashewa ya shiga bayan hoto. 'Yar jakar algarara da aka cika da shinkafa ta fi shi daɗewa. A kuma riƙa zagayawa, don dagewa a wuri ɗaya yana tattaro ƙyallen ya tanƙware.

Yatsa fa? Duk sukar da na sha, ina kallon wani abu ne daban. A danne ulun da tsinke, ko a sa wa babban yatsa da manuni hular fata. In allura ta karye a nemo guntun nan take, da mayen ƙarfe in ya faɗi ƙasa, musamman a gidan da yaro ke rarrafe.

Ramukan da ke saura a fuskar hoto, siririyar allura a karkace tana rage su. Sauran kuma a rufa farin ƙyallen auduga, a danna dutsen guga mai tururi, dannawa kawai ban da gogawa. Silin da ya miƙe, a nan ne almakashi ke da aiki. Daga nan a sa shi a firam mai gilashi, a bar 'yar tazara kada gilashin ya danne shi, don asu na son ulu, ƙura ma haka. Hotona na biyu na rataye shi tsirara a falo, hunturu ɗaya ya mayar da balbelun da ke cikinsa ruwan ƙasa. Na sa ruwa da sabulu na cuɗa, ya tsuke ya koma kamar marfin kofi.