Yadda na gyara sautin amfilifayar gitata

Amfilifayar da na harhaɗa da hannuna a ɗakina a Agege irin tsarin 5E3 na kamfanin Fender ce, mai bawul (kwalbar gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti) samfurin 6V6 guda biyu. Tana tashi lafiya lau, amma da na murɗa ƙara ya wuce uku sai sautin ya dishe, ya riƙa ƙarzawa kamar tsohuwar rediyo. Ni kuwa kiɗan biki nake yi, so nake kowace tsirkiya ta fito tar.

Janareta na fara zargi. Na auna, wuta daidai take.

Ashe matsalar tana bawul na farko. Kayan haɗa ta sun zo da bawul samfurin 12AX7, mai ninka sauti kusan sau 100, alhali asalin tsarin da 12AY7 aka yi shi, wanda ninkinsa bai kai rabin haka ba. Na sha yawo a kasuwar Alaba kafin na samu guda. Ina sa shi, sautin ya washe.

Saura kaurin sauti, wato bes, wanda ke cakuɗewa in na bugi babbar tsirkiya. Nan na cire kafasitoci (ƙananan ma'ajiyar wuta) masu mikrofarad 0.1 da ke bayan bawul ɗin, na liƙa masu 0.022 da dalma don rage kaurin. Don Allah, kafin ka sa hannu ciki, zuƙe wutar manyan kafasitoci da rizista (ɗan abin da ke rage gudun wuta), ka ga mitar auna wuta ta koma sifili. Suna iya riƙe sama da bolt 300 ko an zare filogi.

Ranar Asabar na kai ta biki a Idi-Araba, ƙara na kan biyar, ina jin kowane taɓin yatsa.